Man Da Ke Komawa Tanki

A Kajaani, cikin Janairu,
rana takan leƙo kamar mai bin bashi mai kunya,
ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, ta juya.
Na shiga garejin Sirkka da kwali a hammata,
ƙanƙara tana narkewa a kan takalmina.

Na ce, “Ga famfon mai, sabo fil,
lita ɗari biyu da hamsin yake turawa a awa.
Sa min shi a Volvo.”

Ta goge hannu da tsumma, ba ta karɓa ba.
“Reijo, me ka canja a injin?”
Na ce salansa, da matatar iska.
“Shi ke nan?”
Shi ke nan.
Ta ce, “Ka haƙa wa kanari rijiya.”

Amma kuɗina ne, motata ce.
Ta kwance, ta ɗaura, ta wanke hannu.

Da na murza makulli wani zuzu ya taso daga baya,
sauro a cikin gwangwani.
Na hau titin Oulu, na take totur har ƙasa,
allura ta hau yadda ta saba hawa
tun Marjatta na da rai, tana gefena,
tana cewa in rage, in rage.
Ko taki ɗaya ban ƙaru ba.

Na dawo. Sirkka ta hura wa gilashi numfashi,
ta zana min da yatsa a kan tururin:
ga tanki, ga bututu, ga nozul huɗu.
“Inji ba ya shan abin da aka miƙa masa,
abin da ya nema yake sha.
Ƙwaƙwalwa ke buɗe nozul, ta rufe,
gwargwadon iskar da ta shigo.
Sauran fa? Ga ɗan bawul nan, mai gadi ne,
shi ke kora shi tanki ta wannan siririyar hanya.
Ya je, ya dawo, ya je, ya dawo,
bai tsinci komai a tafiyar ba sai zafi.
In kuma ya fi ƙarfin mai gadin,
a silo fulogi su yi baƙi,
tsohuwar waya ta ɗau ɗumi.
Ranar da ka sa wa injin babban ciki,
zo mu yi maganar babban cokali.”

Zanen ya bushe tun kafin ta rufe baki.

A gida akwai wani kwalin a kan tebur,
adireshin Vilja a Tampere da rubutuna:
safar ulu ƙafa huɗu,
kifi mai hayaƙi,
kwalba biyu na ’ya’yan itacen da na tsinko a daji,
da kuɗi a naɗe cikin safa ta uku
don kar ta gani da wuri.
Na bara sun dawo a jakarta ran Kirsimeti,
ta ajiye su a kan firij ba ta ce komai ba.
Ɗaya kawai ta sa. Na gan ta a ƙafarta.

Sau bakwai nake kira a mako.
Takan ɗauki biyu.
Biyar ɗin nan ina suke zuwa?
Nan suke dawowa, ƙarƙashin haƙarƙari,
da ɗumi,
su hana ni barci.

Na buɗe kwalin. Na cire kwalba ɗaya.
Na mayar da ita. Na sake cirewa.

Tsohon famfon yana cikin but, a leda,
Sirkka ta ce lafiyarsa ƙalau,
in na shirya, aikin awa ɗaya ne.
Ban shirya ba.

Ƙarfe goma na fita na zauna a mota,
na tayar, ban sa giya ba.
Fitilar maƙwabci ta mutu.
Waya tana kan cinyata, yau Laraba ce.
A bayana sauron yana ta kuka,
yana ɗibar mai, yana kaiwa,
ana dawo masa da shi.